Ya rasu a Bama ba da harsashi ba: ina za mu nemo kabarinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanen kakana ya shiga soja bai kai shekara ashirin ba, aka kai shi yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a lokacin yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. An ce atuni ne ya yi ajalinsa. Shin ana lissafa irinsa cikin mamatan yaƙi? Kuma ta yaya za mu san inda aka binne shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya jiƙansa. E, ana lissafa shi. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, tana rubuta duk sojan da ya rasu a bakin aiki daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947, ko harsashi ne ko ciwo ko haɗari.

Kuma kada a ɗauki mutuwarsa ƙarama. A wannan fagen cuta ta fi Jafanawa kayar da mutane: a 1943, duk soja ɗaya da aka kwaso da rauni, an kwaso kusan 120 marasa lafiya. Ruwan damina ya gurɓata abin sha, sai atuni. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ƙwayar mefakirin ake haɗiya kullum don kare shi, mai mayar da fata rawaya. Akwai kuma wani zazzaɓi da ƙwaro ɗan mitsitsi na cikin ciyawa ke sakawa, wanda ba a sami maganinsa ba sai bayan yaƙi.

Ki fara da gida. Abin da ya fi komai daraja shi ne lambar soja; ta 'yan Najeriya takan fara da NA, ta 'yan Gana da GC. Ki duba tsohuwar adaka ko akwai wasiƙa, littafin albashi ko takardar sanar da rasuwa. Lambar yabo ta Tauraron Bama ba za ta taimaka ba, domin galibi ba a buga suna a jikinta. Ki kuma tambayi tsofaffi shekarar da ya tafi. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan da ke Bama, ta 82 ta bi baya a 1944 ta shiga yankin Arakan. Wasu bataliyoyin Najeriya uku sun bi Cindit, wata runduna ta musamman, wadda barikin garinku na Zariya ke ɗauke da sunanta.

Inda mutane ke yin tuntuɓe shi ne suna. Akawun da ya ɗauke shi ba sunan mahaifi ya cika rubutawa ba, sunan gari yake liƙa masa: wane Kano, wane Zuru, wane Bauchi. Rubutun ma da kunnen Bature aka yi shi, sai Muhammadu ya koma Momo ko Mama, Abdu ya koma Audu ko Awudu. Wasu samarin da suka gudu daga gida ma sunan aro suka bayar. Don haka idan kin shiga rajistar hukumar CWGC ta intanet, wadda kyauta ce, ki gwada kowane rubutu, ki sa garinsu a gurbin sunan mahaifi, ki taƙaita binciken ga RWAFF, wato rundunar sojojin Afirka ta Yamma ta zamanin Turawa.

Wanda ya rasu a asibitin soja ya fi samun kabari sananne, misali a maƙabartun yaƙi na Citagon da Mainamati da ke Bangaladash a yau. Wanda aka binne a daji kabarin ya ɓata, ki neme shi a bangon tunawa na Rangun, cikin maƙabartar Taukkyan a arewa da birnin Yangon (Rangun ta da) a Bama, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000. Rajistar takan ba da muƙami, lamba, bataliya da ranar rasuwa, amma ba ta cika faɗin ciwon ba. Da ranar da bataliyar za a iya duba littafin aikin yau da kullum na rundunar a ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew a Landan, rukunin takardu mai lamba WO 172, a ga inda suke a wannan makon.

Ki gaya wa dattawan gida cewa ya zo a Buhari da Muslim, wanda ciwon ciki ya kashe yana cikin shahidai. In kun samo ranar, ku rubuta ta tare da sunansa na gaskiya da na mahaifinsa, a yi masa sadaka da addu'a.