Da gaske jiragen ruwa masu inji suna zuwa Yola a da?

Tambaya: Ni ɗan Jimeta ne. Tsofaffi suna ce mana da jirgin ruwa mai hayaƙi ake kawo gishiri da yadi garinmu tun daga bakin teku. Amma ni da rani ina ganin Binuwai, yashi ne fetal, wani wurin ma yaro ya taka ya ƙetare. Ta ina jirgi zai bi?

Amsa: Malam, tsofaffin nan gaskiyarsu, kai ma idonka bai yi ƙarya ba. Binuwan rani daban, ta damina daban. Idan ruwa ya sauko daga duwatsun Adamawa, kogin Faro da sauran ƙoramu suka zuba nasu, sai kogin ya cika ya batse, yashin nan da kake gani ya shige ƙarƙashi. Wannan cikar ce hanyar jirgi, kuma ba ta daɗewa. A Makurɗi ana samun watanni masu ɗan dama, amma daga Yola zuwa Garwa ta ƙasar Kamaru abin bai wuce wata biyu zuwa uku ba, galibi Agusta da Satumba. Cinikin shekara guda cur a nan ake dunƙule shi.

Jirgin farko mai inji da ya yi nisa a Binuwai shi ne Pleiad, wanda Dokta Baikie ya jagoranta a 1854. Bai kai Yola ba, amma ya nuna kogin yana hauwa. Daga baya kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin gwamnatin Ingila a 1886, ya mayar da hanyar tasa. Lamiɗon Adamawa bai saki jiki da su ba, don haka suka daɗe suna ciniki daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a bakin ruwa, maimakon kanti a tudu. Zargin nasa kuwa yana da tushe: a Satumba 1901, daidai lokacin cikar ruwa, ta kogin nan sojojin Ingila suka zo suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. Jirgin da ya kawo gishiri, irinsa ne ya kawo igwa.

To, yaya jirgin yake? Cire hoton jirgin teku daga ranka. Gindinsa shimfiɗe yake kamar faranti, don kada ya nitse sosai cikin ruwa. Da yawansu wata ƙatuwar ƙafa mai fukafukai ce a baya take juyawa tana tura ruwa, injin tururi ke juya ta. Itace ake ƙonawa a tukunyar, saboda haka ƙauyukan bakin kogi sukan sare itace su jibge, jirgi ya tsaya ya loda. Kaya masu nauyi kuma a kwale-kwalen ƙarfe marasa inji ake zuba su, a ɗaure a jikin jirgin.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne aikin masu nuna hanya. Tudun yashi a Binuwai ba ya zama wuri ɗaya, inda jirgi ya wuce bara, bana sai ya kafe. Taswira ba ta da wani amfani sosai. Mutum ne ke tsayawa a goshin jirgi da doguwar gora mai alamomi, yana caka ta cikin ruwa yana faɗin zurfi da ƙarfi, matuƙi yana saurare. 'Yan kogi ne suka san launin ruwa da yadda yake murɗawa a kan yashi, kuma a ganina su suka riƙe wannan sufuri, ko da yake sunan kamfani ake ji. Wanda ya makara a Garwa har ruwa ya janye, jirginsa na iya zama a kan yashi sai baɗi.

Hawa da gishiri, yadi, kananzir, daga baya siminti da man fetur. Sauka da gyaɗa, auduga, ƙaro da fatu, har da audugar Chadi da ake tarawa a Garwa, a bi Binuwai a shiga kogin Kwara, a kai tashar Burutu kusa da bakin teku inda jiragen teku ke jira. Jimeta kanta tashar nan ce ta raya ta.

Mutuwar hanyar ta zo sannu a hankali. Motoci suka samu titi, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse kogin Kwara ta wajen kudu, jirgin ƙasan Kamaru ya kai Ngaundere a 1974 ya janye kayan Garwa, sannan madatsar Lagdo da aka gama a kan Binuwai a Kamaru a 1982 ta sauya yadda ruwan yake saukowa.