Feshin nano na azurfa: zai kashe mini ƙasar gona?

Tambaya: Ina noman gyaɗa da tumatir kusa da Mai Wurno, a yankin Sennar na Sudan. Ɗan'uwana ya aiko mini daga Jidda da maganin feshi mai ɗauke da ƙwayoyin azurfa na nano, wai yana kashe cutar ganye. Shin zai cutar da ƙasa?

Amsa: Malam, tambayarka a kan hanya take. Ƙwayoyin nan ba sa wuce nanomita 100, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Saboda ƙanƙantarsu, da sun haɗu da danshi sai su riƙa sakin azurfa a hankali. Azurfar ta huda fatar bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, ta maƙale a sinadaran da take numfashi da su, sai bakteriyar ta mutu. Sai dai ba ta bambanta mai cuta da mai amfani.

A nan gyaɗarka ta shigo. Ka tuge tushe ɗaya, za ka ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Bakteriyar Rizobiyum ce a ciki, tana kamo naitirojin daga iska tana ciyar da shuka kyauta. Akwai kuma Nitrosomonas, wadda ke fara juya amoniyar takin yuriya zuwa abin da saiwa ke sha cikin sauƙi. Gwaje-gwaje sun nuna waɗannan na cikin masu saurin jigata da azurfa. Manomi ba zai ga ɓarnar nan take ba, sai ya lura taki ya rage aiki.

Abin da ya taimake ka shi ne baƙar lakar yankin Sennar da Jazira. Laka da ruɓaɓɓen taki suna kama azurfa su riƙe ta, idan kuma ta haɗu da farar wuta sai ta zama wani sinadari da da ƙyar yake narkewa, dafinta ya ragu sosai. Mai noma a jigawar Kordofan ya fi ka shiga haɗari. Gaskiya kuma yawancin gwaje-gwajen da suka nuna mummunar illa sun zuba azurfa fiye da abin da feshi ɗaya zai bari.

Amma azurfa ƙarfe ce, ba ta ruɓewa, ta bara tana nan ta bana ta hau kanta. A ganina, in dole ne, ka tsaya kan ganyen tumatir bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar. Kada ka zuba shi a ruwan ban-ruwa, kada ka jiƙa irin gyaɗa da shi, kuma kada ka wanke tankin feshi a bakin magudanar ruwa.