Aya-aya a cikin ciyawar tsakar gida: cira kaɗai ba ta kashe ta

Malam, ciyawar nan da ka ce tana tsirowa a cikin kiri-kirin da ka shuka, mai kara kusurwa uku, wadda take fin sauran tsayi kwana biyu bayan yanka, aya-aya ce. Dalilin da ya sa ka cire ta dawo shi ne 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa, jere a jikin saiwa kamar carbi. Ka fizge ganye, saiwar ta tsinke, kowane ɗa ya fito da sabon tsiro.

Idan wurin kaɗan ne, haƙa za ka yi da ƙaramar fartanya, zurfin santimita 20 zuwa 25, ka tsince 'ya'yan ka shanya su a rana su bushe ƙayau. Kada ka zuba su cikin taki. Wadda ta sake ɓullowa a cire ta tun ba ta kai ganye shida ba, kafin ta fara sabbin 'ya'ya.

In ta mamaye fili, nemi maganin feshi mai sinadarin halosulfuron, yana kama ta ya bar kiri-kiri. Ka bi ma'aunin da ke jikin kwalin, kada ka yanka ciyawar kwana biyu kafin feshi da bayansa, sannan ka maimaita bayan mako shida. Maganin kashe ciyawa mai sinadarin glyphosate kuwa ba ya zaɓe, duk abin da ya taɓa sai ya ƙone, sai dai a shafa shi da soso a ganyen aya-aya kaɗai, hannu cikin safar roba.

Ka duba ban-ruwanka ma. Aya-aya na son ƙasa mai damshi kullum, don haka rage ban-ruwan zuwa sau biyu a mako, ka gyara duk inda ruwa ke kwanciya.