Ga mai fara koyon diabolo: wanne za a saya?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ya ga 'yan wasan Sin suna wurga diabolo sama, wato abin wasan nan mai kofuna biyu a haɗe da ake juyawa a kan igiyar da aka ɗaura wa sanduna biyu, yana so, kuma ka rasa wanda za ka saya masa.

Kada ƙaramin nan mai araha ya ruɗe ka. Ƙanana sun fi wuyar riƙewa, da sun ɗan karkace sai su faɗo. Nemi babba, mai faɗin santimita 12 zuwa 13, wanda kofunansa biyu na roba ne mai laushi, don zai sha ƙasa ba adadi. Nawa na farko na busasshiyar roba ne, sati biyu ya tsage a kan siminti.

Sai ƙarfen tsakiya, wurin da ya tsuke kamar ƙugun kalangu. Akwai mai boris, wanda ke juyawa gefe ɗaya kuma ya daɗe yana gudu. Daɗi gare shi, amma ni na fi son mai koyo ya fara da marar boris, hannunsa ya saba da ba shi gudu da kansa. In ya ƙware, sai ya duba na kamfanin Sundia ko Henrys.

Igiyar kuma ta kai daga ƙasa zuwa ƙirjinsa. Ka sayo ta da yawa, tana saurin cinyewa.