Ba sabis, amma Xender na turi: ta yaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon caji da turi a wani ƙauye kusa da Gwaram. Sabis kan ɗauke mana yini guda, amma Xender ba ta fasa aiki. Wani ɗalibi ya ce min haka BitTorrent ma take. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗalibin ya kamo hanya, amma da sauran bayani.

Yawancin abin da muke yi a intanet akwai mai gida a tsakiya. In ka buɗe Facebook, wayarka tana roƙon manyan kwamfutocin kamfanin ne, waɗanda ake kira saba, su kuma su aiko maka. Suka tsaya, kowa ya tsaya. An ga haka ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida.

Xender ba ta bi ta nan. Waya ɗaya ce ke buɗe Wi-Fi nata, ɗayar ta shiga, fayil ya wuce kai tsaye ba tare da ya je eriyar kamfanin waya ba. Shi ya sa ba ruwanta da sabis, shi ya sa kuma da mutum ya yi nisa da shagonka turin ke yankewa.

BitTorrent, wadda Bram Cohen ya fito da ita a 2001, ta ɗauki wannan dabarar ta shimfiɗa ta a kan intanet. Ka ɗauka ɗalibai 30 ne ke son kwafar littafi guda. Maimakon su yi layi, sai kowa ya kwafi shafi ɗaya, sannan su riƙa musaya. Haka ake yanka fayil gunduwa-gunduwa. Kana karɓa daga mutane da dama a lokaci guda, kana kuma miƙa abin da ka riga ka samu. Manhajar takan fara neman gunduwar da ta fi ƙaranci a hannun jama'a, don kada ta ɓace in mai ita ya kashe kwamfutarsa. Kowace gunduwa tana da lambar tantancewa, wadda ta zo a lalace sai a jefar a sake nemo ta. Abin da ya fi burge ni shi ne, a nan yawan jama'a ƙara sauri yake, alhali saba cunkoso ke durƙusar da ita.

Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta 1999, ita ma tsakanin mutane take turi, sai dai jerin wa ke da me yana hannun kamfanin, don haka hukuncin kotu a Amurka ya tsayar da ita a 2001. Yau a BitTorrent jerin ma ana iya rarraba shi tsakanin masu amfani.

Sai ka kula: BitTorrent tana cin data, shiga da fita, ko bayan ka gama saukewa in ba ka tsayar ba. Lambar tantancewar kuma ba ta ce fayil ɗin ba shi da bairos ba, ta ce dai shi ne wanda aka ɗora. Kada ka sa wa kwastoma manhajar da ba ka san asalinta ba. Fim kuma, na Kannywood ne ko na waje, da haƙƙin masu shi a kai.

Tambaya: Malam, P2P da 'yan kirifto ke faɗa, shi ne wannan? Daga wata 'yar'uwa a Ɗambatta.

Amsa: P2P na nufin mu'amala kai tsaye tsakanin mutum da mutum, ba mai gida a tsakiya. Ita Bitcoin kanta, tun 2009, haka take tafiya: dubban kwamfutoci kowace na riƙe da kwafin littafin ciniki, babu banki a tsakiya. Amma P2P ɗin da ake yi a manhajojin saye da sayarwa, kamfani ne ke riƙe kirifton har mai saye ya biya. Malama, in ke ce mai sayarwa, kada ki saki sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin da idonki, don ana ƙirƙirar alat na bogi.