Amsa ga ƙanwarmu da aka jefa kwamitin rubuta ƙa'idar jinya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da na ga tambayarki, cewa an saka ki a kwamitin rubuta ƙa'idar hana daskarewar jini ga majinyatan da ke kwance, kuma babban likitanku ya ce ki kwafo ta Amurka kawai ki canza suna, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kamar labarina kike bayarwa.

Ni ma a nan Jidda haka aka jefa ni, ba shawara. Wata biyu ina sauka daga dawam ɗin dare, wato aikin dare, in zauna gaban kwamfuta, shayi ya huce ban sha ba. Duk binciken da ya ce magani ya yi aiki, sai in rubuta "wajibi ne". Ranar zama, istisharinmu, wato babban likitanmu, ba zan kama suna ba, ya ɗaga takardar da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma, ya ce, "Wa ya ce wajibi ne? Ke?" A gaban kowa, har da ɗaliban da nake koya wa aiki. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya turo takardar ta zame daga tebur ta faɗi kusa da ƙafata, ba wanda ya sunkuya. A masallacin mata na je na yi kukana. Daga baya da aka gyara aikin, sunansa ne a sama, nawa ko a ƙasa babu. Kin san baƙo mai igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, haƙuri ne jarinsa. Har yau in na ji ƙamshin irin turarensa gabana faɗuwa yake.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, tambayar tasa tana kan hanya. Ƙarfin hujja daban, ƙarfin shawara daban, ni kuwa na cakuɗa su.

Ki nemi tsarin GRADE, wato hanyar auna ƙarfin hujja da ƙarfin shawara, tun 2000 aka fara shi. Kafin ki buɗe ko takarda ɗaya, ki rubuta tambayarki: waɗanne majinyata, wane magani, a kwatanta da me, wane sakamako ake dubawa. A naki aikin, kada ki tsaya kan gudan jinin da ke toshe jijiyar huhu kaɗai, ki saka zubar jinin da allurar heparin, mai hana jini daskarewa, kan iya jawowa. Nan na faɗi, amfani kawai na ƙirga. Hujja hawa huɗu ce: mai ƙarfi, matsakaiciya, mai rauni, mai rauni ƙwarai. Gwajin da aka raba majinyata da ƙuri'a daga sama yake farawa, binciken kallo kawai daga mai rauni. Amma na saman ma yana saukowa in aikin ya yi aibi, ko sakamako ya saɓa wa juna, ko mutanen sun yi kaɗan, ko ba irin majinyatanki ba ne, ko ana zargin an ɓoye binciken da bai yi daɗi ba. Shawarar kuma iri biyu ce, mai ƙarfi ko mai sharaɗi, kuma sai an auna kuɗi, da abin da majinyata ke so, da ko ma'aikatanku za su iya.

Af, kowa ya rubuta alaƙarsa da kamfanonin magani tun zaman farko. Wanda wakilin kamfani ke kawo wa shinkafar kabsa duk mako, ki lura da bakinsa.

Batun kwafowa kuwa, ɗauko ta wasu ba laifi ba ne, ɗaukowa ido rufe ne laifi. A ƙasar nan ma aka haifi hanyar: Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya da Jami'ar McMaster ta Kanada suka yi aikin da ya zama GRADE-ADOLOPMENT, aka wallafa a 2017. Kowace shawara ko ki karɓe ta yadda take, ko ki gyara, ko ki gina sabuwa, ki kuma rubuta dalili. A cikin aikin nasu har da ƙa'ida kan wannan batu naki, ki fara da ita. Duk wadda za ki ɗauko, ki fara auna ta da tambayoyi 23 na AGREE II, ma'aunin ingancin ƙa'idojin jinya.

Don Allah duk zama a rubuta wa ya yi me, ki tura wa kanki kwafi ta imel a ranar. Ni ban yi ba. In kin tsara tambayar ki turo min bayan isha'i, gobe ba ni da dawam.