Makarantar da ta ce ɗalibanta duka sun ci WAEC, ita ce ta fi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana zai shiga sakandare bana. Makarantu biyu ne a unguwarmu. Ɗaya ta kafa allo cewa kashi 100 na ɗalibanta sun ci WAEC, ɗayar da na tambaya suka ce kashi 70. Ta farkon ta fi tsada. In bi wannan lissafi? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka.

Abin da ake kira "ci" a WAEC ko NECO shi ne kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, ciki har da Turanci da Lissafi. Sai a raba waɗanda suka samu da yawan waɗanda suka zauna jarrabawar. Shi ke nan lissafin, kuma a nan gizo ke saƙa, domin waɗanda suka zauna kawai ake ƙirgawa.

A ce makaranta ta ɗauki yara 80 a aji ɗaya. Kafin aji shida ta sallami masu rauni, ko ta maimaita musu aji, ko ta ce wa iyayensu su je su yi rajista a wani wuri. Saura 40, duka suka ci. Allo zai ce kashi 100, kuma ba ƙarya aka yi ba, amma ina sauran 40 ɗin? Wannan ne ya fi damuna, don yaran da suka fi bukatar malami su ne ake fara kora. Ban ce haka makarantar unguwarku take yi ba, sai dai allon ba zai gaya miki ba. Haka ma wadda ke tace yara da jarrabawar shiga mai tsauri, iyayensu kuma na biyan kuɗin lesin a gida: rabin aikin an riga an yi mata. Ga kuma cibiyoyin satar amsa, inda sakamako ke kyau yaro bai iya rubuta wasiƙa ba.

Ingila ta daɗe da cin karo da wannan matsala. Tun 1992 ake wallafa jadawalin sakamakon makarantu a can, aka ga makarantun unguwannin masu hali ne galibi a sama. A 2016 suka kawo ma'aunin Progress 8, wanda ke duba matakin yaro yana shekara 11, a kwatanta sakamakonsa a darussa takwas yana shekara 16 da na waɗanda suka fara daga mataki irin nasa. Wato me makaranta ta ƙara masa? Ya fi adalci, amma shi ma ba ya auna tarbiyya ko kwanciyar hankalin yaro. A Satumban 2024 kuma suka daina yi wa makarantun gwamnati hukuncin dunƙule da kalma guda bayan ziyarar Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu a can.

Don haka, Hajiya, ki je da ƙafarki ranar karatu. Ki tambayi kowace makaranta yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa daga cikinsu suka kai ga WAEC a nan. Ki nemi sakamakon shekara uku a jere, ba na bana kaɗai ba. Ki buɗe littafin wani ɗalibi ki ga ko malami na dubawa yana gyara, ki ji ko malamin Lissafi ya daɗe ko duk zango sabo ake kawowa. Idan mai kashi 70 ɗin ba ta korar kowa kuma ba a satar amsa a cikinta, ni can zan kai nawa ɗan.